Nonon Plácida

Likita ya ce ta kwance rigarta, ta kwance. A tsakar gidan Don Anselmo Urrutia ne, da hantsi, mata uku na tsaye suna kallo. Ya duba haƙoranta, ya ja fatar idonta ƙasa, ya sa ta yi tari sau biyu. Sannan ya matsa nononta na dama, ya tari ɗigon a kan farcensa, ya karkata yatsan yana duban yadda yake gangarowa.

"Wannan ta fi sauran huɗun," in ji shi. "Yunwa ba ta gama da ita ba tukuna. Ku ciyar da ita kwana uku, za ku gani."

Sunanta Eulogia. Wata biyu ke nan da sojojin Sifen suka bi ƙauyuka suna ƙona gonaki, suka koro kowa da kowa zuwa garin San Lino, don kada 'yan daji masu yaƙin neman 'yancin Kuba su sami mai ba su abinci. Mijinta Serapio yana cikin 'yan dajin. Ita da surukarta Mama Tula da jaririyarta Plácida suna kwana a wata rumfar ganyen kwakwa bayan tashar jirgin ƙasa, cikin waya mai ƙaya, tare da mutum fiye da dubu biyu. Da safen nan aka shiga sansanin ana neman mai shayarwa.

Doña Leocadia, matar gidan, ta sallami likita, ta zauna a kujerarta mai lilo. A bayanta akwai Matilde, matar ɗanta Fermín, wadda ta haihu kwana goma da suka wuce nono bai zo mata ba. Ta ukun ita ce Bibiana mai dafa abinci, tsohuwar baƙar mace da aka haifa cikin bauta a gonar raken gidan.

"Na san ki," in ji Doña Leocadia. "Ke ce matar Serapio, mai noma a gefen gonarmu ta wajen rafi."

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"To saurara. A gidan nan ɗana Fermín yana Paris yana karatu. Kin ji?"

Eulogia ta ji. Da idonta ta ga ranar da Fermín ya hau doki ya shiga daji, maza goma sha ɗaya na gonar ubansa suna bin sa a ƙasa, har da Serapio.

"Mijinki fa, yana ina?"

Doña Leocadia ba ta jira amsa ba.

"Ya mutu. Zazzaɓi ya kashe shi bara. Haka za ki ce wa duk wanda ya tambaya."

Sharaɗin ba shi da tsawo. Za ta zauna a gidan ta shayar da jaririn, Anselmito. 'Yarta za ta zauna a sansani wurin kakarta. Kullum za a kai musu langar abinci da kwalbar madarar akuya. Ranar Lahadi bayan coci za ta iya zuwa ta gan su.

"Watanta shida kacal, ranki ya daɗe. Ba ta iya cin komai ba. In aka bar ni na zo da ita, ko a ƙasa..."

"Nono ɗaya ba ya ɗaukar yara biyu, likita ya faɗa. Kuma takardar fita ta mutum ɗaya Kwamandan sojoji ya ba ni. In ba ki so, akwai huɗu a bakin ƙofa."

Eulogia ta tuna tun shekaranjiya Mama Tula ba ta sa komai a bakinta ba sai ɓawon dankali. Ta ɗaure rigarta ta ce ta yarda.

Aka yi mata wanka da sabulun wanki, aka yanke mata gashi saboda ƙwarƙwata, aka ƙona kayanta a bayan madafa. Bibiana ta dire mata kwanon romon kaza da shinkafa da soyayyar agada.

"Ci, saniyar gida. Ni shekara sittin ina dafa kaza a gidan nan, wuya da ƙafa kawai na sani. Ke ga ki yau ɗaya an ba ki cinya."

Ta ci. Cikinta ya ƙi karɓa, ta fita ta amayar, ta dawo ta ci sauran. A kwana na uku nonon ya cika har yana jiƙa mata riga. Anselmito ya kama da ƙarfi, ya sha ya yi barci. Matilde ta zauna kusa da ita tana hawaye, ta riƙe mata hannu.

"Ke 'yar'uwata ce daga yau," ta ce a hankali. "Mijinki da nawa tuta ɗaya suke bi. In an sami 'yanci, babu sauran babba da ƙarami. Fermín kullum haka yake cewa."

"Allah ya sa, uwar ɗakina."

Ranar Lahadi ta farko, tana shirin fita, Doña Leocadia ta tsayar da ita. Sai ta shayar da yaron tukuna, dama da hagu, har ya saki da kansa. Abin da ya rage shi ta kai wa Plácida.

Ta sami Mama Tula zaune a bakin rumfa da yarinyar a cinya. Plácida ta gane ta, ta buɗe baki ba ƙara. Ta kama nonon ta tsotsa, ta saki, ta dubi uwarta, ta sake kamawa.

"Langar tana zuwa?"

"Tana zuwa. Sojan bakin waya yana sa hannu ya tsince naman, amma tana zuwa. Ina tauna shinkafar in ba ta."

"Madarar fa?"

"Sau biyu aka kawo."

Suna nan zaune amalanken gawa ya wuce, wanda mutanen sansanin ke kira Mujiya. Mai jan alfadarin yana tafe yana leƙa rumfuna. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya yi kuka. Wata mata ta jawo ƙafarta don kada ƙafar amalanken ta taka ta.

Da ta koma ta tambayi Bibiana zancen madara.

"Akuyar? Kin ci ta ai. Ba ki ji romon ranar Alhamis ya bambanta ba?"

Ranar Alhamis ɗin nan an yi wa Kwamandan sojojin Sifen walima a gidan. Duk Alhamis yana zuwa da hafsoshinsa biyu, su ci, su sha giya, su busa sigari a baranda da Don Anselmo, a yi ta zagin 'yan daji. Duk Juma'a kuma mai kawo gawayi yana fita ta ƙofar baya da ƙunshin kwinin, maganin zazzaɓi, a ƙarƙashin buhu, zuwa ga Fermín. Eulogia tana ganin duka biyun daga inda take zaune da yaro a ƙirji.

Ta sami Doña Leocadia tana gyaran furanni.

"Ranki ya daɗe, an ce za a riƙa kai madara."

"Ke kin san abin da ake ciki a garin nan? Nama babu a kasuwa. Da me kike so in tarbi Kwamanda, da ruwa? Ranar da mutumin nan ya daina cin abinci a teburina, ranar za a zo a binciki gidan nan, kuma har ke ba za ki tsira ba. Akuyar nan don ƙasa aka yanka ta, in kina so ki sani. Za a nemo wata."

Ba a nemo ba.

Eulogia ta fara ɓoye burodi a cikin riga. Aka gani. Daga ranar sai Doña Leocadia ta sa a riƙa ba ta abinci a gabanta, ta zauna tana saƙa har a cinye.

"Ba rowa ba ce," in ji ta. "Abin da kika ci jikana ne ya ci. In kin ɓoye, bakinsa kika cire wa."

Lahadi ta biyu, Lahadi ta uku. Plácida ta daina juyawa da kanta. Kanta ya yi girma, wuyanta ya zama kamar kara, gashinta ya yi ja yana zubewa. Eulogia kuwa kumatunta sun ciko. Matan sansanin suna kallonta in ta shigo, su kau da kai. A Lahadi ta huɗu ta yi dabara, ta cire wa Anselmito nonon hagu tun bai ƙoshi ba. Ya tsala ihu, Doña Leocadia ta fito da sauri, ta tsaya a kanta har ya tsotse shi tas.

Wasiƙa ta zo daga daji, a naɗe cikin sigari. Matilde ta karanta mata a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa. An yi wa Fermín ƙarin girma, ya zama Kyaftin. Ya yi fama da ciwon ciki amma ya warke. Yana so a aiko masa da takalmi da garin kofi da reza.

"Ga naki ma! Ya ce Serapio yana nan lafiya. Shi ke kula masa da doki, shi ke nemo masa abinci, shi ke ɗaura masa raga in za a kwanta. Ya ce ko ɗan'uwa sai haka."

"Yana da takalmi?"

Matilde ta sake duba takardar gaba da baya. "Bai faɗa ba."

A mako na biyar agana ta ɓulla a sansanin. Likita ya zo ya yi magana da Doña Leocadia a falo. Da ya tafi aka kira Eulogia aka ce mata daga yau babu fita, sai cutar ta lafa.

Ta durƙusa a kan tayil ɗin falon. Ba ta taɓa durƙusa wa mutum ba sai a coci.

"To a kawo ta nan, ranki ya daɗe. Ba ta kamu ba. A sa ta a ɗakin nan na baya, kusa da bargar doki. Ba za ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfin kuka. Ba sai na ba ta nono ba, ruwan shinkafa ma ya isa."

"Ɗakin baya a cike yake."

A cike yake kuwa. Da aka ƙona masana'antar sukari ta gidan, an kwaso kayan gidan gona an zuba a ciki: fiyano, manyan madubai huɗu, kujerun da aka rufe da zannuwa, da akwatunan faranti.

"Fiyanon nan na mahaifiyata ne, in raɓa ta taɓa shi ya lalace. Kuma ki yi tunani mana. In na ɗauki 'yarki, gobe mata ɗari za su tsaya a ƙofata da nasu. In ce wa wa a'a? Ni ba ni na kawo yaƙin nan ba. Ni ma ɗana yana daji yana kwana a ƙasa. Kowa da abin da yake bayarwa."

Eulogia ta juya ta dubi Matilde. Matilde ta sunkuyar da kai. Daga baya ta same ta a ɗaki ta rungume ta.

"Zan yi mata magana. Ki ba ni kwana biyu, yau ranta a ɓace yake."

Bayan kwana biyu Doña Leocadia tana ciwon kai. Bayan wasu biyun Kwamanda zai zo. Sai Matilde ta fito da wasu rigunan jarirai guda uku masu leshi, waɗanda suka yi wa Anselmito kaɗan, ta ce a kai wa Plácida. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Bibiana ce ta koma kai langar har bakin waya. Kullum in ta dawo Eulogia tana jiranta a ƙofar madafa.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta. Tsohuwar ta ɗago min ita. Mummuna kamar ubanta."

"Ta ci?"

"Ta ci, ta ci. Matsa min in wuce."

Wata rana ta ce yarinyar ta kama mata yatsa ta cikin waya. Wata rana ta ce haƙori ya fito mata. Wata rana ta ce tana zawo amma da sauƙi. Eulogia tana ɗaukar kowace kalma ta tafi da ita ɗaki, ta yi ta juya ta yayin da Anselmito ke sha.

Sannan labarin ya tsaya wuri ɗaya. "Tana nan lafiya, tana ci." Gobe ma haka. Jibi ma haka. Bibiana ta daina ce mata saniya. Ta fara zuba mata abinci ba tare da ta dube ta ba. Doña Leocadia kuwa ta yi laushi. Ta ba ta sabon mayafi, ta sa a ƙara mata ƙwai biyu da safe, har ta ce mata sannu wata rana da ta yi atishawa.

Eulogia ta lura da duk wannan. Ba ta tambaya ba. In ta tashi tambaya sai ta koma ta zauna.

Ranar da za a yi wa Anselmito baftisma ce fitarta ta farko cikin mako shida. Kwamanda ne uban baftismar. Aka sa mata farar riga mai sitaci, aka ɗora mata yaron, suka shiga keken doki. A matakalar coci mabarata daga sansani sun jeru, ɗan sanda yana korar su da kulki suna dawowa. Tana hawa sai wata ta kama mata gefen riga. Da ƙyar ta gane Crescencia, maƙwabciyarta ta ƙauye, wadda ta karɓi haihuwar Plácida.

"Eulogia? Ke ce kika zama haka? Sannu, 'yar'uwa. Sannu da haƙuri. Na so in zo miki gaisuwa, ba a barin mu kusa da ƙofar."

"Gaisuwar me?"

Crescencia ta dube ta, ta dubi yaron da ke hannunta, ta saki rigar.

"Yau kwana ashirin da uku. Tsohuwar kuma kwana biyar a bayanta. Ai ta zo har gidanku da yarinyar a hannu. Matar gidan ta aiko mata da akwatin kyandir ta sa ta a ciki. Ita kaɗai ce aka binne cikin akwati a duk makon, kowa sai da ya yi magana."

Daga saman matakala Doña Leocadia ta kira sunanta. Eulogia ta hau. Ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Da fada, limamin cocin, ya zuba wa yaron ruwa ya fasa kuka, ta koma bayan ginshiƙi ta ba shi nono ya yi shiru. Kwamanda ya ce bai taɓa ganin yaro mai ƙoshin lafiya irin wannan ba a duk tsibirin.

Da suka dawo gida ta shiga madafa. Bibiana na yanka albasa.

"Langar wa kike kai wa?"

Wuƙar ta tsaya. Bibiana ta ajiye ta.

"Duk wanda na fara gani a bakin waya. An ce in ci gaba da fita da ita don kada ki gane." Ta share ido da bayan hannu. "An ce in na buɗe baki a titi zan kwana. Ina zan je da shekara saba'in? Nawa 'ya'yan uku ne, 'yar nan. A gonar nan aka sayar da biyu ina tsaye ina dama kunu. Ki zage ni in kina so."

Eulogia ba ta zage ta ba. Ta wuce falo, inda Doña Leocadia ke cire safar hannu. Baƙi ba su iso ba tukuna.

"'Yata ta mutu."

Doña Leocadia ta ajiye safar a hankali. Ba ta yi mamaki ba.

"Wa ya gaya miki? To, tunda kin ji. Allah ya karɓe ta, yanzu mala'ika ce, ta huta. Zauna."

Ba ta zauna ba.

"Likita ne ya ce kada a faɗa miki. Baƙin ciki yana ɓata nono, yana iya zama guba. Ɗaya ta riga ta tafi, ba abin da zai dawo da ita. Kina so a rasa biyu? Ki yi tunani da hankali. Ni na ba da akwatin da aka sa ta. Na sa fada ya ambaci sunanta a addu'a. Wace yarinya ce a sansanin nan aka yi wa haka? Kuma da kina can, da yanzu ku uku ne a ramin, ba biyu ba. Wata rana za ki gode min."

Matilde tana tsaye a bakin ƙofa, fuskarta jiƙe.

"Na so in faɗa miki, na rantse da Budurwa Maryamu. Kullum sai na yi niyya. Ban yi barci ba tun ranar. Ba ki san yadda abin ya ci ni ba, Eulogia."

Eulogia ta dube ta kamar tana jin wani yare. Ta juya ta fita ta ƙofar gaba. Ba wanda ya tare ta, don Don Anselmo ya ce a bar ta, ba inda za ta.

Ta bi titi har maƙabarta. Mai haƙa kabari yana zaune a inuwar bango yana shan rake. Ta ce tana neman yarinya, cikin akwatin kyandir, kwana ashirin da uku.

"Akwati kam na tuna," in ji shi. "Amma akwatin ba a binne shi ba, baiwar Allah. Katako ya yi tsada. Juye su ake yi." Ya nuna mata da karan raken wani dogon rami da aka rufe rabinsa, an barbaɗa farar ƙasa a kai. "Daga wajen itacen can zuwa nan, duk na watan jiya ne."

Ta taka daga itacen zuwa inda ya nuna. Taku arba'in ne da ɗaya. Ta dawo ta sake takawa. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ta zauna a ƙasa cikin farar rigar mai sitaci har rana ta karkata. Can sai ƙirjinta ya fara ɗaurewa, ya yi tauri yana zafi, gaban rigar ya jiƙe. Lokacin shan yaron ya wuce.

Ta dubi hanyar sansani, ta dubi hanyar gari. Ta tashi ta kaɗe rigarta.

Tun daga kan kwana ta jiyo kukan Anselmito. Baƙi na cin abinci a falo. Ta shiga ta baya, ta karɓe shi daga hannun Matilde, ta zauna. Washegari likita ya zo ya sake ɗiga nonon a farcensa. Ya ce bai ɓaci ba.

Ta yi ta jira ya ƙafe. Bai ƙafe ba. Ta ci abin da aka ba ta, ta kwanta inda aka ce, ta tashi in yaron ya motsa. Ya yi haƙori a jikinta, ya yi rarrafe, ya fara tafiya yana riƙe da yatsanta. Ba ta tsane shi ba. Ta nemi tsanar a ranta ba ta samu ba, kamar yadda ba ta sami kukan ba. Doña Leocadia tana gaya wa ƙawayenta cewa mutanen ƙauye Allah ya yi su da ƙarfin zuciya, ba sa jin abu kamar yadda mu muke ji.

Shekara ta zagayo. Amurkawa suka shigo yaƙin, Sifen ta sallama, Kwamanda ya zo ya yi ban kwana da kuka, Don Anselmo ya ba shi akwatin sigari. Kafin jirginsa ya bar tasha an rataya tutar Kuba a barandar gidan Urrutia. Matilde ce ta ɗinka ta a ɓoye, tutar ce mafi girma a duk titin.

Ranar da 'yan daji suka shigo gari, Fermín ne a gaba, Kanar, a kan farin doki, 'yan mata na watsa masa furanni. A bayansa hafsoshi, 'ya'yan masu gonaki da lauyoyi da likitoci. A can baya sauran, a ƙasa, da adduna da tsummoki. Aka shirya wa hafsoshi tebur a falo. Na ƙasan aka ce su zagaya layin baya, za a kai musu tukunya.

Eulogia tana tsakar gida da yaron tana jiyo Don Anselmo yana jawabi. Ya ce gidan nan ya ba da ɗansa, ya ba da gonarsa, ya ba da barcinsa. Ya ce babu gidan da ya sha wahalar yaƙin nan kamar nasa, kuma bai yi nadama ba. Aka yi tafi. A San Lino an binne mutum dubu ɗaya da ɗari shida daga bayan tasha, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama a falon nan.

Bibiana ta leƙo. "Ana nemanki a ƙofar baya."

Wani mutum ne tsaye, baƙi wuluk don rana, ƙashin wuyansa a waje, ƙafafunsa a naɗe da fatar saniya. Sai da ya yi murmushi ta gane Serapio. Haƙoransa na gaba babu.

"Kanar ya ce min kina gidansu, an kula da ke. Ashe gaskiya ne! Dube ki!"

Idonsa ya sauka kan yaron da ke riƙe da zanenta. Ya bar ta da cikin wata shida, bai taɓa jin abin da ta haifa ba. Ya durƙusa, ya ajiye addarsa, ya ɗauke shi ya ɗaga sama.

"Namiji! Kai, ji nauyi! Dubi cinyoyi kamar na ɗan maraƙi! Mama ta gan shi? Me kika sa masa suna?"

Yaron ya kama masa gemu yana dariya. Eulogia ta bar su haka na ɗan lokaci.

"Ba naka ba ne," ta ce. "Na Kanar ne. Tamu mace ce. Plácida."

"Plácida," in ji shi, yana gwada sunan a bakinsa. Bai sauke yaron ba. "To tana ina?"

Daga ciki muryar Doña Leocadia ta taso. "Eulogia! Kawo yaron, mai hoto yana jira!"

Ta miƙa hannu ta karɓi Anselmito daga hannun mijinta. Ta ce masa ya jira ta, tana zuwa.

A falo an jera iyali gaban tuta: Don Anselmo da matarsa a zaune, Kanar a tsaye da takobinsa, Matilde a gefensa. An ajiye wa yaron ƙaramar kujera a tsakiya. Ya ƙi zama. Uwarsa ta riƙe shi ya fizge, ubansa ya matso ya fasa ihu, don bai san shi ba.

"Mai renon ta riƙe shi ta baya," in ji mai hoto. "Amma ta sunkuya, kada ta fito. A rufa mata wani abu."

Aka yaye zanen tebur aka rufa mata. Ta tsuguna a bayan kujerar cikin duhun zanen, ta zuro hannu ta riƙe ƙugun yaron. Da ya ji hannunta sai ya yi tsit. Mai hoto ya ce kada kowa ya motsa, ya fara ƙidaya.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. An sa shi cikin firam na zinariya a bangon falo, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Wanda ya matsa kusa sosai zai ga yatsu huɗu a ƙugun yaron.